Wa zai ba mu kalmar “stress” da Hausa kafin Alhamis?

Malamar Turanci: Salam. Ranar Alhamis zan naɗi darasin rediyo kan waƙar Turanci. Gaɓa da amsa-amo suna hannu. “Stress”, wato ɗaga wata gaɓa fiye da sauran wajen furta kalma, ita ce ta tsaya mini, kuma in babu ita amsa-amon Turanci ba ya bayyanuwa.

Mai fassara: Nauyi mana. Gaɓa mai nauyi.

Malamin nahawu: A'a, nauyi yana da mai shi. A Hausa gaɓa mai nauyi ita ce mai dogon wasali ko wadda baƙi ya rufe. A “city” gaɓar farko ake ɗagawa, alhali wasalinta gajere ne. Kari ma kada a taɓa, ya riga ya ɗauki karin sauti da karin waƙa da karin harshe.

Malamar Turanci: Ga inda ɗalibai ke faɗuwa, Malam. Kunnenmu ya saba da gaɓar ƙarshe ta maimaitu, baƙi da wasali, sai su ce “happy” da “sleepy” sun amsa juna. Bature kuwa daga wasalin ƙarshe da aka ɗaga yake lissafi har ƙarshen kalma, baƙin da ke gabansa kuma ya bambanta: “happy” da “snappy”, “nation” da “station”.

Mai fassara: Ki ƙara musu cewa kunne ake bi, ba rubutu ba. “Love” da “move” a takarda kaɗai suka yi kama. Ƙidayar gaɓa ma haka: “make” ɗaya ce, “e” ɗin ba ta furtuwa, “walked” ɗaya, “wanted” biyu, don “ed” ta aikatau ba ta zama gaɓa sai bayan sautin t ko d. “Strengths” duk tsawonta gaɓa ɗaya ce.

Sha'iri: Bugun gaɓa! A soneti na Turanci, waƙar nan mai ɗango 14, ɗango yawanci gaɓa 10 ne, bugu 5. Amma wa ya ce amsa-amo? Ƙafiya muka gada tun zamanin ajami.

Malamin nahawu: Ƙafiya Balarabiya ce, Alhaji.

Sha'iri: Baiti fa? Wasali fa? Ku kore su mu gani. Masu boko sun ƙirƙiro kalma jiya suna so mu yi mata biyayya.

Mai fassara: Littattafan sakandare amsa-amo suke cewa, yaro shi zai gani a jarrabawa. Mu koma kan tambaya. Dannawa?

Malamin nahawu: Za su ji kamar danne murya ne, su saukar da ita. Akasin abin da ake so.

Sha'iri: Shi ya sa na ce bugu.

Malamin nahawu: Bugu ya dace da waƙa, amma “record” suna da “record” aiki ba waƙa ba ne, wurin ƙarfin ne ya sauya, daga gaɓar farko zuwa ta biyu. Malama, ki ce gaɓa mai ƙarfi da gaɓa mai rauni.

Malamar Turanci: Na ɗauka. Sunan abin kansa zan ce ƙarfin gaɓa, ko da yake bai kwanta mini ba. Bugu zan sa a wajen auna ɗango kawai.

Sha'iri: To. Ƙafiya kuma ko sau ɗaya ki ambace ta.