An tsare ƙanena kan rubutun Facebook, ta ina za mu bi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman lauyoyin cikinmu. Jami'an tsaro sun ɗauke ƙanena saboda ya soki yadda ake rabon kwangila a jiharmu, har yau ba a kai shi kotu ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ga shi kotu na nan cikin gari. Sun ce laifinsa yana ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifukan intanet, alhali an gyara sashen a 2024, an rage masa faɗi. Sukar mai mulki ba laifi ba ce.

Inda na maƙale: an ce sun samo umarnin tsarewa daga majistare, amma sun hana mu ganin takardar. Shin za mu iya shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a babbar kotu duk da haka, ko sai an fara soke umarnin? Ba mu da kuɗin lauya. Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana karɓar irin wannan? Mahaifiyarmu ba ta iya barci. Don Allah a taimaka.