Kamfanonin wasan ordinatar na da, wanne ne gwani?

Dan_Yantala:
Salamu alaikum ƴan uwa. Kwanan nan na sa emilatar (manhajar da ke kwaikwayon tsohon inji) na tsofaffin ordinatoci Amstrad CPC da ZX Spectrum a ordinatar dina, wallahi wasannin shekarun 1980 sun kama ni har na aje PES gefe. Abin da na lura kusan duk wasan da na buɗe sai in ga tambarin Ocean, shi ne nake tambaya ko su ne manyan zamanin, ko dai yawa kawai suka fi kowa? Manyanmu da suka ga lokacin don Allah a fahimtar da mu.

Kawu_Plateau:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni na taɓa CPC 464 da hannuna, mahaifinmu ya zo da ita daga Faransa, mai kaset ce, ka sa kaset ka zauna kana jin ƙara mintoci kafin wasa ya hau, in kuran ya ɗauke kuwa sai ka koma farko. Ocean na Manchesta ƴan kasuwa ne na gaske, dabararsu su sayi sunan fim su yi wasa a kai, RoboCop a 1988, Batman a 1989, yaro ya ga kwali ya saya tun bai san abin da ke ciki ba. Wasu sun yi kyau wasu kuwa kwalin ya fi wasan. Amma in gwaninta kake nema to Ultimate Play the Game ne, na Tim da Chris Stamper, wa da ƙane. Jetpac na 1983 a cikin ƙwaƙwalwa mai kilobait 16 kacal suka cusa shi, hoto guda da kake turawa a WhatsApp ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Sai Knight Lore a 1984, ɗaki ya fito da zurfi kana kallonsa daga kusurwa, kana zagaya kaya kana tura su, bayansa kowa ya shiga kwaikwayo. Ko Head over Heels na 1987, wanda a wurina shi ne mafi kyau da Ocean suka fitar, a kan wannan hanya ya bi. Kuma su Stamper ɗin ne suka zama Rare, masu Donkey Kong Country.

Ba_Adare_Tawa:
Kawu ina gaisuwa, amma hwa kun manta da na Faransa, alhali Amstrad can ta yi kasuwa ƙwarai. Infogrames da anka kahwa 1983 wajen Liyon, su sunka yi North & South 1989, wanga wasa in ku biyu ne kuna iya kwana bisa shi, kuma daga baya su sunka saye Ocean ɗin da kuke yabo, 1996. Ga Loriciels da L'Aigle d'Or, ga Ubi Soft na ƴan gidan Guillemot su biyar da sunka hwara da Zombi 1986, yau wa bai san wasansu Assassin's Creed ba? Ni wanda ya daɗe shi na raye shi ne gwani gare ni.

Malama_Info:
Malam Ba'adare daɗewa daban, iyawa daban. Ubi Soft na 1986 bai kai ƙafar Ultimate ba a lokacin, girmansa daga baya ya zo, kuma tambayar a kan zamanin kaset take. Abin da nake so ku duba shi ne yawancin kamfanonin nan bugawa da sayarwa ne aikinsu, wasan kuwa mutum ɗaya ko biyu suka rubuta shi, wani ma a ɗakin kwanansa. Head over Heels ɗin da Kawu ya ambata aikin Jon Ritman ne da Bernie Drummond. Prince of Persia na 1989 Jordan Mechner ya yi shi a Apple II, ya ɗauki ƙanensa a bidiyo yana gudu yana tsalle sannan ya bi hotunan ya zana motsin, Brøderbund suka buga. Shi ya sa nake girmama Electronic Arts na farko, wanda Trip Hawkins ya kafa a 1982, don sun riƙa sa sunan mai rubutun da hotonsa a kwali kamar yadda ake yi wa mawaƙi, wasanninsu Archon da M.U.L.E. duk 1983 ne. Ina nuna wa ɗalibaina waɗannan wasanni saboda su ga abin da ake iya yi da ƙaramar ƙwaƙwalwa in mutum ya san aikinsa.

Dan_Yantala:
Na gode kwarai iyayena. To Konami fa? Naga babu wanda ya kawo su, ko basu shiga harkar ordinatar ba a lokacin?

Kawu_Plateau:
Sun shiga mana, amma a MSX suka fi ƙarfi, injin da ya yi suna a Japan da ƙasashen Larabawa inda ake kiransa Sakhr. Metal Gear na farko a MSX2 ya fito, 1987. Nasu yawanci katrij ne, wato ɗan akwati da ake cusa wa injin, kana sawa ya tashi babu jiran kaset, kuma aikinsu tsaf yake, da wuya ka ga na banza. Ka nemi emilatar na MSX ka gwada Knightmare da Penguin Adventure, sannan ka koma Spectrum ka buga Knight Lore, kada ka yi fushi in ka mutu da wuri don wasannin lokacin ba su da sassauci. In ka gama ka dawo nan ka faɗa mana wanda ya fi riƙe ka.