Ba kowace doguwar mota ce jif ba: a raɗa wa su RAV4 da CR-V suna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakonku a kan kalma ɗaya, kuma na fi so masu gyaran mota da dillalai da direbobi su sa baki, don su ne za su riƙa faɗinta kullum.

Akwai wani jinsin mota da ya cika titunan Birnin Kebbi, daga sakatariya har bakin babbar kasuwa: Toyota RAV4, Honda CR-V, Hyundai Tucson, Kia Sportage da danginsu. Turawa suna ce musu crossover. Mu kuwa duk motar da ta ɗaga daga ƙasa, bayanta a tsaye babu but mai tsini, jif muke ce mata. Ni ma irinta nake hawa, kuma ina ganin wannan sunan yana cutar da masu ita.

Jif sunan mota ɗaya ce tun asali, wato Jeep ɗin da sojojin Amurka suka fara aiki da ita a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan sunan ya mamaye duk wata motar daji, kamar yadda Omo ya zama sunan kowane garin sabulu a bakinmu. Wannan ba laifi ba ne muddin motocin iri ɗaya ne. To ba iri ɗaya ba ne.

Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin Land Cruiser ko Prado ko Hilux a gareji ya ga wasu manyan ƙarafa biyu da suka miƙe daga gaba har baya, an haɗe su da gajeru a tsakani. Shi ne shasi. A kansa ake ɗaure inji da giya da ƙafafu, sannan a ɗora bodi a ɗaure da noti. Idan mota ta murɗe a kwazazzabo, ƙarfen ne yake shan wahalar. Akasarinsu kuma suna da ƙaramar giyar nan ta ƙarfi, wadda direbobi ke kira oksileri, mai sa mota ta riƙa rarrafe a hankali tana tuttura laka.

Su RAV4 ba su da ko ɗaya daga cikin biyun. Bodi da shasi abu ɗaya ne da aka yi wa walda, irin na ƙaramar mota. CR-V ta farko, ta 1995, a kan ginin Civic aka tayar da ita. RAV4 ta riga ta fitowa da shekara ɗaya, a 1994, ita ma da kayan ƙananan motocin Toyota aka haɗa ta. Injin a gicciye yake kwance, tayoyin gaba yake ja. A yawancin waɗanda ke hannun mutane yanzu, na baya ba sa karɓar ƙarfi sosai sai na gaba sun fara sulɓi. A RAV4 ta 2006 zuwa 2012 akwai maɓallin da ake dannawa a tilasta wa na baya su kama, amma da ka wuce gudun kilomita 40 a awa yake sakin kansa. Ina zargin safayar tayar da ake rataya musu a ƙofar baya ce ta sa muka yarda jif ne. Honda ta daina rataya ta a ƙirar 2007, Toyota kuma a ta 2013.

Me ya sa na damu? Saboda a Kebbi muke. Mai mota a nan yana da gona a fadamar Argungu ko Augie ko Suru, ko yana da dangi a ƙaramar hukumar Arewa wajen Kangiwa inda rairayi ke haɗiye taya. Mutum ya ji an ce masa ya sayi jif, sai damina ta yi ya kutsa da ita cikin baƙar lakar fadama, inda tarakta ma ke lallaɓawa. Cikinta ya zauna a ƙasa, tayoyi suna juyawa a banza, man giya yana ƙonewa. Ko kuma ranar girbi a kwantar da kujerun baya a loda mata buhunan shanshera har rufi. Alhali a littafin CR-V da yawa, duka nauyin da aka yarda ta ɗauka, mutane da kaya, kilo 385 ne. Manya biyar masu kilo 70 sun cinye 350. Abin da ya rage bai kai buhun shinkafa mai kilo 50 ba. Shi ya sa za ka ga bayan motar ya durƙushe tun ba ta tsufa ba, shokazoba na yoyon mai.

Kar a ɗauka ina kushe ta. Wallahi a hanyoyinmu ban ga motar iyali da ta fi ta dacewa ba. Tsakanin cikin RAV4 ta 2006 zuwa 2012 da ƙasa akwai wajen santimita 19, na Corolla kuwa kusan 15. Bambancin kamar ba yawa, amma shi ne ke sa ka bi hanyar Jega zuwa Koko zuwa Yauri ba ka ji ƙarar salansa ta daki gefen rami ba, kuma ka sauka daga kwalta ka shiga ƙauye da rani hankalinka kwance. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne tsofaffi. Mahaifiyata tana fama da gwiwa. A ƙaramar mota sai ta durƙusa ta faɗa cikin kujera, fitowa kuma sai an kamo hannunta. Prado kuwa hawa ake yi. A tawa, kujerar daidai ƙugunta take: ta juya baya, ta zauna, ta ɗauke ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ta ja gyalenta a rufe ƙofa. Batun fetur kuma, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya koyi lissafi. Mai fulogi huɗu ta fi Corolla sha, amma ba ta kusa da manyan jif. Inda take cin kuɗi shi ne taya, don nata sun fi na ƙaramar mota girma da tsada, sai bushin da kayan ƙafa da ramuka ke gajiyarwa.

To wane suna za mu ba ta? Ga waɗanda na ji.

Ƙaramar jif, ko 'yar jif. Shi ne mafi sauƙi, amma bai warware komai ba, don yana nuna girma ne kawai ya raba su. Suzuki Jimny ƙarama ce ƙwarai, amma tana da shasi da oksileri, ita ce ƙaramar jif ta gaskiya. Highlander kuma babba ce, amma a kan ginin Camry aka yi ta.

Wani abokina malamin makaranta ya ce a kira ta tsallake, wai shi ne fassarar kalmar Turancin. Ban yarda ba. Bahaushe ya ji tsallake zai zaci motar tana tsallake gulbi ne, mu da muke neman a rage mata buri.

Birni-da-ƙauye ya yi mini daɗi a kunne, kuma ya faɗi aikinta. Matsalarsa, ƙauye iri-iri ne. Ƙauyen da ke bakin burji daban, na tsakiyar fadama a watan Agusta daban. Kuma ya yi tsawo a bakin ɗan kamasho.

An ce jemage, wai ba tsuntsu ba dabba. Babu wanda zai tara miliyoyinsa ya yarda a ce jemage yake hawa. An ce alfadari, kuma ta fuskar asali ya yi daidai, tun da doki da jaki ne suka haife shi. Sai dai alfadari da ɗaukar kaya aka san shi, abin da muke roƙon a daina yi wa motar ke nan.

Wanda ya kwanta mini shi ne wanda na ji a bakin makanikina, dattijo ne da ya fara gyara tun zamanin Fijo 504. Yana kwance a kan kwali a ƙarƙashin motar wani, ya ƙwanƙwasa cikinta da sifana, ya ce wa mai ita: "Alhaji, wagga ba jif ta ba, ruwa biyu ta." Bai yi nufin raɗa suna ba, bayani kawai yake yi. Amma duk wanda ke wurin ya gane nan take: siffar jif, ƙashin ƙaramar mota.

Ruwa-biyu. Gajere ne, Hausa ce tsantsa, kuma yana sa mai saye ya tambaya, ruwan me da me? Amsar tambayar ita ce duk abin da ya kamata ya sani kafin ya biya kuɗi. Yana kuma karɓar girma: RAV4 da CR-V da Tucson ƙaramar ruwa-biyu, Highlander da Pilot da Lexus RX babbar ruwa-biyu. Ku duba sunayen abin hawa da suka zauna a Hausa: a-kori-kura, kiya-kiya, gingimari, kabu-kabu. Duk daga tasha da gareji da bakin titi suka fito. Wannan ma can ya fito.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku, na gode ƙwarai.

Baba, kai da ka ce ruwa biyu da mutane ake faɗa, kana tsoron kar ya zama gori, na ji ka kuma na girmama maganarka. Amma a sanina, idan aka ce wane ruwa biyu ne, uba Bakabe uwa Bazabarma, ko uba Bafulatani uwa Badandiya, bayanin asali ne, kuma gidaje da yawa a jihar nan haka suke. Wanda yake zagi shi ne barbarar yanyawa, wanda wani ya kawo, shi kam ban ma sa shi a lissafi ba.

Hajiya, taki hujjar ce ta fi tsayar da ni. Kin ce motoci masu aiki da fetur da lantarki tare sun fara shigowa, RAV4 ma tana da irinta tun ƙirar 2016, kuma su ne suka fi cancantar a ce musu ruwa-biyu. Gaskiya ne kalmar za ta iya hawa kansu. Dalilina na ƙin ba su ita shi ne, su bayaninsu a fili yake, ana cewa mai fetur da batir kowa ya gane, kuma na ji masu gyara sun riga sun fara cewa hayibirid. Wadda ba ta da suna ko kaɗan ita ce wannan. Idan mota ta haɗa duka, sai a ce ruwa-biyu mai batir.

Ɗan'uwa dillali da ka ce sunan zai karya farashi, ban ga alama ba. Wanda ya san abin da ya saya ba ya dawo maka da ita bayan damina yana cewa ka cuce shi.

Saura abu ɗaya da nake so mu ƙarasa. A cikin ruwa-biyun ma akwai kashi biyu: mai jan ƙafa huɗu da mai jan gaba kawai. Da yawa daga cikin 'yan Beljiyam da ake kawo mana na gaba kawai suke ja tun daga kamfani. Wasu kuma an haife su da huɗu, amma farfela, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya, ta lalace aka kwance ta aka ajiye, tambarin 4WD mai nuna jan ƙafa huɗu yana nan a ƙofar baya. Kafin ka saya, ka sa a ɗaga ta ko ka kwanta ka leƙa: idan ba ka ga dogon ƙarfe ya taso daga giya ya nufi tayoyin baya ba, gaba kawai take ja, in dai ba mai batir ba ce. Idan kuma CR-V ce mai huɗu, ka tambayi wane mai aka zuba a difaranshal ɗin baya, don nata na musamman ne, man giya na gama-gari yana sa ta gurnani a kwana. Ni ina cewa mai ƙafa huɗu da mai ƙafa biyu. Mutanen Gusau da Talata Mafara da Ƙauran Namoda, ku tambayar mana masu gyaranku yadda suke bambanta su, a ji ko nasu ya fi.