Gitar tafiya ta kabon faiba: abin da muka tsayar a majalisa

Jiya da daddare a Unguwar Rimi muka sha musu kan gitar da mutum zai rataya ya tafi Kajuru ko Matsirga ya kwana a tanti. Kusan kowa ya ce a ɗauki ta kabon faiba (wani zare ne mai ƙarfi marar nauyi da ake daskararwa a yi jikin gitar da shi maimakon katako), don ita ta katako so take danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55, mu kuwa hunturun Kaduna ko leɓe tsagewa yake balle allon gita, sai ka ga gaban ya dare, da damina kuma ta kumbura. Kabon ba ruwansa da wannan.

In kuɗi kaɗan ne, a gitocin kabon akwai samfurin Enya Nova Go, ta China. KLOS da Journey OF660 kuwa wuyansu na cirewa ne, ka cusa a jaka ka hau jirgin ƙasa a Rigasa ba wanda zai ce ka matsa. Emerald ta ƙasar Ailan, wannan sai Alhazawa gaskiya.

Wani malamin kiɗa ya ja kunne dai: gitar tafiya ƙaramin jiki gare ta, ƙaramin jiki kuwa sautinsa ba kauri, ni ma na yarda. Kuma tsirkiyar ƙarfe ce, tana tsatsa, a tafi da sifiya. Gitar kabon kuma baƙa ce yawanci, in ka bar ta a rana sai ta ƙona maka hannu.