Sauya sabar CI daga Jenkins zuwa fakitocin Debian zalla: ta ina ake farawa?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da manhajar ajiye bayanan ɗalibai da kuɗin makaranta, da Django da PostgreSQL aka rubuta ta, mu huɗu ne a kanta a nan Samaru. Sabar CI ɗinmu, wato wadda ke gwada kod duk sanda wani ya tura gyara, tsohuwar kwamfutar tebur ce, RAM giga 8, Debian 11 a kai. Jenkins, manhajar da ke gudanar da gwajin, daga ma'ajiyar masu shi aka ɗauko shi, Node ta wani sikirif na intanet ya shigo, laburaren Python kuwa da pip aka zuba su a matsayin root. Yau babu wanda zai iya lissafa abin da ke cikin injin nan, kuma in faifan ya mutu ba mu da hanyar sake haɗa irinsa.

Muna son komawa Debian 13, komai ya fito daga apt, mai saka fakitocin Debian. Me zai maye gurbin Jenkins, tunda ba ya cikin ma'ajiyar Debian? Tsohuwar za mu ɗaga ko sabuwa za mu kafa? Laburaren aikin su ma dole ne su zama na Debian? Data muke saye, ba mu da adireshin IP na waje, wutarmu kuma sola ce da inbata.

Injiniya na Kongo:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ɗaga tsohuwar. Debian ba ta yarda a tsallake siga ba, sai ka bi 11 zuwa 12 sannan 13, kuma bayan duk wahalar tarkacen da ke /usr/local yana nan inda yake. Haɗarin shi ne /usr/local/bin yana gaban /usr/bin a PATH, don haka za ka ga apt ya saka sabon node amma gwajinka tsohon yake kira. Samo SSD ko da na giga 256 ne, ka kafa Debian 13 a kai, ka ajiye tsohon faifan yadda yake har sabon ya zauna.

Kafin nan ka yi ƙidayar abin da ke tsohuwar. `apt-mark showmanual` zai ba ka fakitocin da aka saka da gangan. `ls /etc/apt/sources.list.d/` zai nuna ma'ajiyoyin waje. `find /usr/local /opt -type f` zai fito da abin da dpkg bai san da zamansa ba, abin da pip ya zuba kuma yana /usr/local/lib/python3.9/dist-packages. Kada ka manta `crontab -l -u jenkins`, da foldar /var/lib/jenkins/tools, domin Jenkins kan sauko da nasa kayan aikin ya ɓoye a can. Duk abin da ka gani ka neme shi da `apt-file search` a sabuwar. Jerin da ya rage, wanda ba shi da fakiti, shi ne ainihin aikin da ke gabanka.

Batun madadin Jenkins, biyu ne nake ganin sun dace: Buildbot da Laminar, dukkansu suna ma'ajiyar Debian. Buildbot yana da ƙarfi, saitinsa fayil ne na Python mai suna master.cfg, kuma yana iya rarraba aiki ga injina da yawa. Sai dai a Debian 12 fakitinsa bai zo da fuskar burauza ba, sai an ɗauko buildbot-www ta pip, abin da kake gudu ke nan. Buga `apt search buildbot-www` a naka kafin ka yanke shawara. Ga mutum huɗu da inji ɗaya, Laminar zan zaɓa. Da C++ aka rubuta shi, ba ya buƙatar Java, babu fulogin ko ɗaya. Kowane aiki sikirif ne kawai a /var/lib/laminar/cfg/jobs/, misali gwaji.run, ka ba shi izinin gudana da `chmod +x`, ka tayar da shi da `laminarc queue gwaji`. In sikirif ya fita da lambar sifili an ci, in ba haka ba an faɗi. Saboda haka dole `set -e` ta kasance a samansa, in babu ita gwaji zai faɗi a tsakiya, umarnin ƙarshe ya yi nasara, allo ya nuna kore.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka fara tun Jenkins na raye. Kwashe duk umarnin da ke cikin Jenkinsfile ka mayar da su fayil ɗaya a cikin ma'ajiyar git ɗinku, a ce ci/gwaji.sh, Jenkins ya riƙa kiran wannan fayil kaɗai. In ya yi mako guda yana wucewa lafiya, gwaji.run na Laminar layi uku ne: ɗauko kod, shiga folda, kira ci/gwaji.sh. Ka bar injinan biyu su yi mako biyu suna gwada gyara iri ɗaya, duk inda sakamako ya saɓa ka bi diddigi.

Abubuwa uku ba za su biyo ka ba. Tarihin ginin Jenkins ba ya shiga Laminar, ka naɗe /var/lib/jenkins/jobs da tar ka adana. Lambar gini, $RUN, daga 1 take farawa, in kuna saka ta a sunan siga ka ƙara mata dubu ɗaya don kada sabon gini ya zama ƙasa da tsoho. Makullan da ke credentials.xml kuma a rufe suke da master.key, kada ka ɓata lokacin buɗe su. Yi sababbin makullan SSH wa mai amfani laminar, ka soke tsofaffin a duk sabar da suke shiga.

Hajiyar Tudun Wada:

Injiniya ya gama magana kan injin, amma a tambaya ta uku ina so Malam Ɗan Samaru ya tsaya ya yi tunani. “Komai daga apt” daidai ne ga ita sabar: Laminar, git, nginx, podman, PostgreSQL, python3. Ga laburaren manhajarku kuwa, abin da ke kan sabar da makarantu ke amfani da ita shi ne ma'auni. Debian 12 tana da Django 3.2, Debian 13 tana da 4.2. In manhajarku a wurin aiki tana kan 5.2 ta pip, ku kuma kuna gwada ta da python3-django na Debian, to kamar tela ne ya auna wani ya ɗinka wa wani. Gwajin zai wuce, matsalar ta bayyana a gaban mai karɓar kuɗin makaranta.

Zaɓi biyu gare ku. Ko dai sabar aikin ma ta koma Debian 13 da Django 4.2 na apt, ku samu facin tsaro daga Debian kai tsaye, ku haƙura da sababbin abubuwan Django. Ko kuma ku bar laburaren a requirements.txt, kowanne da takamaimiyar sigarsa, amma a cikin venv, wato keɓantacciyar foldar Python ta aikin kaɗai. Na biyun ba cin amanar tsarin ba ne, muddin bai taɓa injin kansa ba. Tun Debian 12 ma pip ya daina yarda ya rubuta a Python na tsarin, zai ce maka externally-managed-environment. Za ka ga masu ba da shawarar `--break-system-packages`. Don Allah kada ka bi, ta nan aka haifi rikicin tsohuwar sabar.

Akwai tsaka-tsaki mai amfani: laburaren da ke buƙatar a harhaɗa su da gcc, irin psycopg2 da Pillow da lxml, ka ɗauke su daga apt, sannan ka yi `python3 -m venv --system-site-packages`, sauran su zo ta pip. Don data kuwa, sau ɗaya za ka buga `pip download -r requirements.txt -d /srv/wheels`, gwaji ya riƙa saka su da `pip install --no-index --find-links /srv/wheels`.

Ka shirya wa tsallen Python kuma. Daga 3.9 za ka dira 3.13. An cire distutils a 3.12, an cire cgi da crypt da telnetlib a 3.13. Duk tsohon laburaren da ke kiran ɗayansu zai mutu tun a import. PostgreSQL ma daga 13 zuwa 17 ne, kuma tun 15 mai amfani na gama-gari ba ya iya ƙirƙirar tebur a sashen rumbu mai suna public sai in shi ne mai rumbun ko an ba shi izini. Don gwaji ka yi amfani da `pg_virtualenv`, yana cikin postgresql-common. Yana kafa rumbu na wucin gadi, ya saita PGHOST da PGPORT da PGUSER da PGPASSWORD, ya gudanar da umarninka, ya rushe. Saitin gwajin Django ya karanta waɗannan, shi ke nan babu gwajin da zai gaji dattin wanda ya gabace shi.

Ɗan Samaru:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Hajiya. Sabar aikinmu pip ce, to venv za mu bi. Saura biyu: kod ɗinmu yana GitHub, ya za a yi Laminar ya san an tura gyara alhali ba a iya riskar injinmu daga waje? Sannan kai tsaye a kan injin za a yi gwajin ko a kwantena, wato keɓantaccen muhalli a cikin injin?

Malam na Sabon Gari:

Tunda ba ku da IP na waje, ka manta da webhook, wato GitHub ya aiko wa injinku sanarwa, ku ne za ku riƙa leƙawa. Ɗan sikirif a cron (mai tayar da aiki bisa lokaci) na mai amfani laminar, kowane minti uku: `git ls-remote` a kan reshen main, ya kwatanta lambar da ya samu da wadda ya ajiye a fayil, in ta canja ya buga `laminarc queue gwaji`. Datar da wannan ke ci ba ta taka kara ta karya ba. Ka riƙe kwafin ma'ajiyar a $WORKSPACE, wanda ba ya gogewa tsakanin gini da gini, ka riƙa `git fetch` maimakon sabon clone kullum.

Kwantena ya fi, domin kayan gwaji ba za su cika injin ba, kuma ba sai ka je Docker Hub ba. `mmdebstrap --include=python3-venv,python3-psycopg2,postgresql trixie tushe.tar` zai haɗa maka ƙaramar Debian 13 (trixie ne sunanta) daga fakitocin apt, `podman import tushe.tar localhost/tushe` ya mai da ita hoto, wato tushen da ake tayar da kwantena daga shi. Ka gudanar da gwajin da `--network=none`. In ya faɗi a haka, akwai abin da yake saukowa a ɓoye, kuma gara ka sani yanzu. Inda ake yawan maƙalewa: laminar mai amfani ne na tsarin, ba a ba shi layi a /etc/subuid da /etc/subgid ba, podman ba tare da root ba kuwa sai da su. Saka uidmap, ka buga `usermod --add-subuids 200000-265535 --add-subgids 200000-265535 laminar`, sannan `loginctl enable-linger laminar`.

Saka apt-cacher-ng, mai adana fakitocin da aka sauko, yana saurare a tashar 3142. Nuna wa apt shi da Acquire::http::Proxy, kwamfutocin ofis ma su bi ta nan, kowane fakiti sau ɗaya zai ci muku data. Adireshin ma'ajiya ya zama http://deb.debian.org, domin ba ya iya adana abin da ya wuce ta https, kuma sa hannun Debian yana kare fakitocin ko ta wace hanya suka zo.

Yanzu abin da ya shafi giga 8 ɗinka. A Debian 13 /tmp a RAM yake zaune, yana iya cin rabinta. Gwajin da ke zuba manyan fayiloli a can zai sa ka ga “No space left on device” alhali faifai fanko ne, ko kernel ya kashe PostgreSQL a tsakiyar aiki. Ko ka nuna TMPDIR zuwa faifai, ko ka buga `systemctl mask tmp.mount` ka sake kunna injin. Laminar kuma ayyuka shida yake yarda su gudana lokaci guda in ba ka hana shi ba. Rubuta EXECUTORS=2 a /var/lib/laminar/cfg/contexts/default.conf, da TIMEOUT=1800 a gwaji.conf don aikin da ya maƙale ya mutu bayan rabin awa. Fuskarsa ta burauza ba ta da kalmar sirri, tana 8080 kamar Jenkins. A /etc/laminar.conf ka mayar da LAMINAR_BIND_HTTP zuwa 127.0.0.1:8080, nginx ya tsaya a gaba da kalmar sirri, kuma ka tabbata sikirif ba ya buga makulli a rahoto.

Ribar duk wannan aikin ita ce unattended-upgrades, mai saka facin tsaro da kansa, ka kunna shi. Amma apt-daily-upgrade.timer da ƙarfe 6 na safe yake tashi, da jinkirin da bai wuce awa ɗaya ba, daidai lokacin da batirin inbata ya kwana yana aiki rana kuma ba ta ɗaga ba. `systemctl edit apt-daily-upgrade.timer`, ka rubuta OnCalendar= babu komai a gabansa don share tsohon, sannan wani layin da 12:30. In duk da haka wuta ta yanke dpkg na tsaka da aiki, `dpkg --configure -a` sannan `apt -f install` su ne gyaran.

Hajiyar Tudun Wada:

Ƙari kan maganar Malam: hoton kwantenar ba ya samun facin da injin ke samu. Ka yi aiki na biyu a Laminar, tushe.run, cron ya tayar da shi duk daren Juma'a, ko kuma da rana in batir bai kai ba, ya sake haɗa hoton ya ajiye `dpkg -l` a $ARCHIVE. Ranar da gwaji ya faɗi ba wanda ya taɓa kod, ka kwatanta jerin wannan makon da na wancan da diff, fakitin da ya canja zai fito fili, tsohuwar sigarsa kuma tana snapshot.debian.org.

Tunda tsohuwar kwamfuta ce, canja batirin CR2032 na kan allon cikinta (motherboard) ka saka chrony, mai daidaita agogo. In batirin ya mutu aka ɗauke wuta, agogo zai koma baya, apt ya ce fayil ɗin Release bai fara aiki ba tukuna, git ya ƙi takardar shaidar GitHub. Foldar /var/lib/laminar/cfg ka mai da ita ma'ajiyar git, banda fayilolin makullai, ka haɗa da jerin `apt-mark showmanual` na sabuwar, /etc kuma etckeeper, mai ajiye tarihin canje-canjenta, ya riƙe ta. Kafin ku goge tsohon faifan, ɗaya daga cikinku da bai sa hannu a aikin ba ya gwada kafa sabar daga waɗannan kaɗai a wata kwamfutar.