Taƙaitawa: gane haɗin da ya mutu a kan saba

Jama'a, maganar yadda saba (server) za ta gane haɗin TCP da ya mutu ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Idan wuta ta ɗauke wa kwamfutar mai amfani ko netwok ya katse, babu FIN ko RST (saƙonnin rufe haɗi) da zai iso. Saba za ta ci gaba da riƙe soket (ɓangarenta na haɗin) kamar yana raye.

2. Keepalive shi ne ɗan binciken da TCP ke turawa don ganin ko ɗaya ɓangaren na nan, amma gyara saitinsa a sysctl (saitin Linux na gaba ɗaya) kaɗai ba ya isa. Sai an kunna SO_KEEPALIVE a kan kowane soket.

3. Saitin Linux na asali yana da jinkiri sosai: jiran sakan 7200, sannan bincike 9, sakan 75 tsakani. Sama da awa 2 ke nan kafin a gane. RFC 1122, takardar ƙa'idojin intanet, ita ce tushen wannan dogon jira. A rage shi da saitin soket na TCP_KEEPIDLE, TCP_KEEPINTVL da TCP_KEEPCNT.

4. Wannan ya ruɗa mutane da dama: in akwai bayanan da aka tura ba a amsa ba, keepalive ba ya motsi. Maimaita turawa ke aiki, abin kan kai kusan minti 15. Maganinsa TCP_USER_TIMEOUT, saitin da ke iyakance lokacin jiran amsa.

Inda aka rabu:

Wasu sun ce keepalive ya wadatar. Wasu sun ce kernel (zuciyar tsarin aikin kwamfuta) ke amsa binciken, don haka manhaja na iya daskarewa ba a sani ba, gara manhajar da kanta ta yi ping (saƙon gwaji da ake jiran amsarsa) kamar na ƙa'idojin sadarwa irin su WebSocket ko MQTT. Ni ma nan na karkata.

Tazarar binciken ma ba a daidaita ba. Masu fama da NAT (tsarin rauta da kan manta haɗin da ya yi shiru) na son sakan 30 zuwa 60, masu manhajar waya kuwa suna kukan batir.