Me za mu kira future perfect da Hausa?

Ɗaliba 'yar SS2, Kano:
Salamu alaikum malamai. Muna da ƙungiyar bita ta masu shirin WAEC da NECO baɗi, ni aka ɗora wa rubuta taƙaitaccen bayanin lokutan Turanci da Hausa saboda waɗanda Turancin ke ba wuya. Future tense bai ba ni matsala ba, lokaci mai zuwa ne, haka muka koya a darasin Hausa. Rassansa ne suka tsaya mini: simple future, future continuous, future perfect, da dogon nan future perfect continuous. Na so in jera su na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu in huta. Hakan ya yi, ko suna da sunaye?

Malamin Hausa, Zariya:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki sa musu lamba, lambar da mai ita. A nahawun Hausa, lokaci mai zuwa na ɗaya shi ne mai za: zan zo, za ta zo. Na biyu kuwa shi ne wanda ake jan zaginsa, wato wakilin sunan da ke zuwa kafin aikatau, da karin faɗau, irin na "ma gani", "in da rai ma gana", ko kashedin da uwa ke yi wa yaro, "ka dawo ka same ni". Wannan babu shi a jerin naki. In kika kira future continuous na biyu, ranar jarrabawar Hausa wani zai kawo fassarar I will be going a matsayin misali, ya faɗi, alhakinsa na wuyanki.

Malamar Turanci, Katsina:
Na goyi bayan Malam. Simple future kuma don Allah kada a ce sassauƙa. Ina ganin haka a littattafan yara, sai su ɗauka wai shi ne mai sauƙin koyo. Abin da ake nufi, ba a haɗa shi da komai ba, will ne da aikatau kawai. Ni "mai zuwa zalla" nake cewa a aji. Future continuous kuwa ba sai an wahala ba, tunda muna da lokaci mai ci, sai a ce "mai zuwa mai ci".

Ɗalibi, jami'a:
Perfect ai cikakke ne. Lokaci mai zuwa cikakke, shi ke nan.

Malamar Turanci, Katsina:
A'a ƙanena. Perfect ɗin nahawu ba na yabo ba ne. Daga Latin aka samo kalmar, ma'anarta abin da aka gama. In ka ce cikakke, yaro zai zaci sauran ukun nakasassu ne.

Malamin makaranta, Maraɗi:
Gaisuwa gare ku 'yan'uwa. Mu nan Nijar a lakwal, wato firamare, da Faransanci muka fara, Ingilishi sai a kwaleji. Future perfect ɗin nan Faransawa futur antérieur suke ce mai, wato mai zuwa wanda ya riga wani. Kuma gaskiyar aikinshi ke nan: abu biyu ne ke gaba, ɗaya ya riga ɗaya ƙarewa. Me zai hana mu ce "mai zuwa rigayayye"?

Malamin Hausa, Zariya:
Mushe, kamar yadda kuke kiran malami a Nijar, ma'anar ta fita sarai, kunne ne ya ƙi. Bahaushe na jin rigaya, marigayi zai faɗo masa a rai, ka ga an shigo da ta'aziyya cikin darasin nahawu. Amma abin da ka hango na abu biyu, nan maganar take, bari in ɗan zauna a kansa.

Ku saurari yadda muke faɗin wannan abu in ba fassara muke yi ba. Yarinya ta ce wa mahaifiyarta, "Kafin ki dawo daga kasuwa na gama tuwon." Ba a ko ɗora tukunya ba, amma ta ce na gama. Manomi ya ce, "Kafin Sallah mun girbe." Direba a tasha ya ce, "Kafin azahar mun shiga Funtuwa." Babu za ko ɗaya a ciki. Shuɗaɗɗen lokaci muka ɗauko muka ajiye a gaba, kafin ɗin nan ita ta riƙe shi. Turanci kuwa ba ya yarda da haka, sai ya ce I will have finished, we will have harvested. To wannan ne ke kayar da yaranmu. Yaro yana tunani da Hausa, Hausarsa kuma daidai take, sai ya rubuta before you come back I finished, a ja masa jan biro, bai san laifinsa ba. Masu cewa "zan kasance na gama" kuwa, Turanci ne suka sa wa hula, ban taɓa jin tsohuwa ta faɗe shi ba.

Saboda haka sunan da za mu ba shi dole ya tuna wa ɗalibi cewa aikin an gama shi. Ina ba da shawarar "mai zuwa kammalau". Siffar ba baƙuwa ba ce, da ita aka gina aikatau da bayanau da sabau, duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya saba da ita.

Malamar Turanci, Katsina:
Kammalau ya fi kammalalle da nake amfani da shi, ya fi gajarta, kuma zai yi wa sauran aiki: past perfect ya zama shuɗaɗɗe kammalau. Na karɓa. Abin da Malam ya faɗa haka yake a mai ci ma. Mukan ce "gobe war haka ina ɗakin jarrabawa ina rubutu", babu za, sai yaro ya rubuta tomorrow by this time I am writing, alhali I will be writing ake so.

Akwai wani tarkon da ya fi waɗannan cin maki a tambayoyin zaɓi. Bayan when da if da before da until, Turanci ba ya sa will in ana maganar abin da bai zo ba, when he comes ake cewa. Mu kuwa "idan ya zo" muke cewa. Rabin aji su bi Hausa su rubuta when he came, sauran su tuna darasin jiya su rubuta when he will come. Duka biyun kuskure. 'Yata, ki ware wa wannan shafi guda.

Malamin Islamiyya, Sakkwato:
Ni dai tambaya gare ni. Ga mustaƙbal, wato mai zuwa a Larabci, ga haruffansa sin da saufa da yara suka sani tun a Islamiyya. Me ya sa ba za a ara ba?

Malamin Hausa, Zariya:
Allah gafarta Malam, a aro ba mu da rowa, jimla da harafi da nahawun kansa duk daga can suka zo. Sai dai sin da saufa, a yadda aka fi karantarwa, kusa da nesa suke rabewa, rassan Turancin nan kuwa ba nisa suke aunawa ba, suna duba aikin ne, yana gudana ko ya ƙare. Kuma mai zuwa ya riga ya zauna a littattafai.

Ɗaliba 'yar SS2, Kano:
Na gode malamai, na rubuta. Saura going to, da dogon nan.

Malamar Turanci, Katsina:
Going to ki ce "mai zuwa na niyya", amma ki ƙara layi ɗaya a ƙasa, don ba kullum niyya ba ce. It is going to rain, hadari ba ya ƙulla niyya, alama aka gani. Abin sha'awa, za ɗinmu ma daga tafiya ta fito, shi ya sa har yau ake cewa "ina za ka?" a amsa "za ni kasuwa". In kika nuna musu wannan ba za su manta ba.

Ɗalibi, jami'a:
Dogon kuma mai zuwa kammalau mai ci ke nan.

Malamin makaranta, Maraɗi:
An kammala kuma yana ci? Yaro zai tambaye ka wanne ne gaskiya.

Malamin Hausa, Zariya:
Tambayar Mushe tana kan hanya. Abin da ya kammala a nan adadin lokaci ne, aikin kuwa yana nan. By June I will have been teaching for ten years, mu sai mu ce "in Yuni ya yi, na shekara goma ina koyarwa". Shekarun ne suka cika, koyarwa ba ta tsaya ba. Na so in ce "mai zuwa ƙirgau", tunda kusan kullum da ƙirgen sa'o'i ko shekaru yake tafe, amma ban gamsu da shi ba tukuna.

Malamar Turanci, Katsina:
Ni ma bai kwanta mini ba, ya yi kama da sunan ƙidayar jama'a. 'Yata, ki rubuta ukun da aka daidaita: zalla, mai ci, kammalau, ki haɗa da na niyya. Dogon nan ki bar shi da sunansa na Turanci, ki sa misalin shekara goman nan a ƙarƙashinsa. Zan gwada ƙirgau a ajina ranar Litinin in ji abin da 'yan SS3 za su ce.